Lomar da Ade Letekidan Ta Haɗiye

A unguwar Geza Banda ta Asmara, duk wanda ya ga wata gajeriyar tsohuwa ta fito da hantsin Lahadi riƙe da faffaɗan faranti a lulluɓe da farin ƙyalle, ta miƙe hannuwanta gaba iyakar tsawonsu, ta kau da fuska gefe kamar mai ɗauke da fon majinyaci, ba sai ya tambaya ba. Ade Letekidan ce za ta kai lazanyarta, taliyar Italiyawa mai hawa-hawa, gidan burodi a gasa mata. Mutanen unguwa suna cewa tsabar tsafta ce, wai ba ta son ko numfashinta ya sauka a kan abincin mutane. Ita kuma ba ta taɓa gyara musu zancen ba.

Gaskiyar magana, ƙyamar abin take yi. Ba taliyar ba, ba miyar ba, cukun da ake barbaɗawa a kai. Shekara hamsin da 'yan kai tana girka abincin da ya yi mata suna, ko sau ɗaya bai taɓa wuce leɓenta ba.

Tana 'yar shekara goma sha shida gwaggonta ta ɗauko ta daga ƙauye ta sa ta aiki a gidan wani ɗan Italiya mai gyaran motoci. Mutumin daga wani tsibiri ya fito, kuma a can suna da wani cuku da ba a ci sai ya yi tsutsa. Kwananta uku a gidan, tana sharar ɗakin ajiya, wani wari ya ja ta zuwa wata tukunya. Ta ɗaga murfi, ta ga abu yana motsi. Ta ce a ranta, yau kam zan nuna musu ni mai tsafta ce, ta kinkimi tukunyar za ta kai bola. A bakin ƙofa maigidan ya tare ta yana ihu kamar an sace masa ɗa. Ya karɓe, ya zauna a gabanta, ya lakato da wuƙa ya shafa a burodi, ya sa tafin hannu ya kare don kada tsutsotsin su tsallake su gudu, ya kai baki yana lumshe ido. Letekidan ta ruga bayan tankin ruwa, ta amayar da duk abin da ta ci tun shekaranjiya. Daga ranar, kowane irin cuku, fari ko rawaya, ɗanye ko busasshe, a idonta motsi yake yi.

Amma hannunta na girki ne, kuma uwargidan, Sinyora Karmela, ta gane haka da wuri. Ta koya mata kwaɓa fulawa da ƙwai, da murza ta har a hango zanen tebur ta cikinta, da barin miyar tumatir a kan garwashi tana ɓararraka a hankali daga safe zuwa tsakar rana. Shekara goma sha huɗu tana gidan. Da gari ya rikice Italiyawa suka tattara suka koma ƙasarsu, uwargidan ta bar mata injin murza taliya, da farantin nan, da abin goga cuku. Biyun farko suna cikin kicin har yau. Na ukun kuwa a tsakar gida yake rataye a ƙusa, cikin wani tsohon gwangwani, kusa da tsintsiyar banɗaki.

Da ta bar gidan Turawa ta so ta rabu da abin baki ɗaya. Sai ta yi kuskure ta girka wa mijinta sau ɗaya. Tesfagabir, mai gyaran keke, mutum ne marar neman komai a duniya, amma ranar ya suɗe faranti ya ce, “Ran Lahadi ma.” Daga nan ɗansu tilo Kiflom ya taso, shi ma bai san Lahadi da wani ɗanɗano ba sai wannan. Haka ta dawwama. Miya tana ɗanɗana ta tun kafin cuku ya kusance ta, ta ƙara mata jan yaji yadda Sinyora ba za ta taɓa yarda ba. In an zo wajen goga, sai ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta yi a waje iska na kaɗawa, ta gama ta wanke hannu da toka da lemun tsami sau uku. A wajen ci kuwa kullum tana tsaye, tana zuba wa wannan, tana ƙara wa wancan, daga baya ta ci injerarta, gurasar ƙasar mai tsami, da shiro, miyar garin wake, ita kaɗai a kicin.

Haɗari ɗaya ne, kulaso. Mutum ya dunƙula loma da hannunsa ya kai bakinka don girmamawa, ƙin buɗe baki daidai yake da ka ce masa ba ka ƙaunarsa. Tesfagabir ya san sirrinta tun shekararsu ta farko, kuma shi ne garkuwarta. Da zarar baƙo ya nufo ta da loma, sai ya miƙa wuya ya cafke, yana cewa, “Matata ce, duk abin da aka ba ta nawa ne.” A yi dariya a wuce. Allah Ya ji ƙansa, shekara tara ke nan da ya kwanta dama. Wadda ta rage da sanin sirrin ita ce ƙanwarsa Hagosa, tsohuwa mai baki kamar reza, wadda katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Kiflom ya tafi Amurka tun yana saurayi. Wata rana, shekara goma sha biyu da suka wuce, ya bugo waya ya ce ya yi aure, kuma matar 'yar Meksiko ce, sunanta Yolanda. Bai yi shawara ba, bai nemi albarka ba, labari kawai ya ba ta. Ya ce ga ta nan za ta gaishe ki. Wata murya ta soma jero gaisuwar da aka haddace, kalma na tuntuɓe da kalma. Ade Letekidan ba ta kashe wayar ba, ba ta kuma amsa ba. Ta ajiye ta a kan tebur a hankali, ta koma tankaɗen fulawarta, muryar tana ta fitowa siririya tana gaida katako. Tun daga ranar Kiflom sai a bukukuwa yake kira, shi ma a taƙaice. An haifi 'ya, aka sa mata Winta. Hotonta kawai kakar ta sani, yana jingine ƙarƙashin hoton Maryama, inda take kunna kyandir. Ta kai maganar wayar nan gaban firist ba sau ɗaya ba. Ya ce ta nemi gafarar wadda ta yi wa laifi. Bakinta ne ya kasa.

Bana, mako uku bayan Ista, Kiflom da matarsa suka sauka su biyu, ba yarinyar. Yolanda kakkaura ce mai faffaɗar fuska, ba ta da yawan magana, idonta kuma ba ya barin abu sai ya gama da shi. Aikinta a can ciyar da tsofaffi ne a wani gida da 'ya'yansu ke ajiye su, abin da Ade Letekidan ta ji ta yi tsaki a ciki.

Tun ranar farko Kiflom ya ja uwarsa gindin bishiyar lemo.

“Ade, gara in gaya miki gaskiya. Ni na so in zo da Winta. Uwarta ce ta ce ba za ta kai 'yarta gidan da aka bar ta tana gaida tebur ba. Ta ce za ta zo ta gani da idonta tukuna. In ta ga an karɓe ta, hutun damina za mu kawo ta. In kuwa ba haka ba, ni ba zan iya tilasta mata ba.”

“Na ji,” in ji ta.

“Ki ga ma abin da ta ɗauko miki.”

Aka buɗe akwati. Daga cikin tufafi Yolanda ta zaro wani abu mai girman bulo, rawaya kamar sabulun wanki, yana gumi a cikin leda. Ta miƙo shi da hannu biyu.

“Ta tambaye ni me kika fi so a duniya,” in ji Kiflom yana fara'a. “Na ce ai uwata da cuku, sai Allah. Tun ina yaro ba Lahadin da ba ta sa shi.”

Hagosa, wadda ta shigo ganin baƙi, ta ƙware da shayinta har sai da aka bubbuga mata baya. Ade Letekidan ta karɓi bulon, ta yi godiya, ta ji sanyinsa da santsinsa sun ratsa ledar sun shiga tafin hannunta. Ta dubi ɗanta. Shekara ashirin da biyu ya zauna a gidan nan yana cin girkinta, bai taɓa ɗaga kai ya ga ko uwarsa tana taunawa ba.

Aka tsayar da magana, ran Lahadi kowacce za ta girka na gidansu, a ci tare.

Ran Asabar Hagosa ta leƙo ta katanga.

“Matar yaya, na ji ɗanki yana koya wa matarsa kulaso a ɗaki. Har da yadda ake naɗe lomar. Gobe kin shiga uku.”

“Ki rage murya.”

“Ki ce azumi kike.”

“Azumi a kwana hamsin na bayan Ista? Ko Laraba da Juma'a ba a yi. Kuma ni zan yi ƙarya da sunan azumi, in je in tsaya a coci da wane ido?”

“To ki ce likita ya hana.”

“Ƙarya dai ce ta canja zane.”

“To ki faɗi gaskiya mana, ke da kike waliyyiya.”

“In ce mata kayan da ta ɗauko tun daga ƙarshen duniya ƙazanta ne a wurina? Wa zai yarda cukun nake ƙyama ba hannunta ba? Ni da na ajiye ta a tebur?”

Hagosa ta sosa kai. Sannan ta ce, “In miƙa wuya in cafke, irin na yaya?”

“Da wane haƙorin? Ki bari kawai.”

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, matan biyu suka shiga kicin. Harshen su Yolanda da na Italiyawa 'yan uwa ne, don haka da ɗan abin da tsohuwa ta tsinta a gidan Sinyora da nuni da hannu, suka riƙa fahimtar juna. Ade Letekidan ta yi nata aikin, idonta ɗaya yana kan na surukar, kuma duk abin da ta gani bai kwanta mata ba. Garin masara ne Yolanda ta fito da shi, wai an dafa masarar da farar ƙasa irin ta shafen bango. Masara, abincin shekarun yunwa, ita ake ɗaukowa a jirgin sama. Ta murƙushe wake har ya zama kamar taɓon gini. Ta dame fiya da cokali, ta fito kore shar, irin abin da ake gani a tsumman jariri. Ta yayyanka wani ganye, kicin ya ɗauki warin kuɗin cizo da aka murtsuke. Amma abu ɗaya tsohuwa ba ta iya musawa ba, matar ta iya hannu. Tana tafa ƙullin masara tsakanin tafukanta, ya fito zagaye sumul, ta jefa a kasko ta juya da ɗan yatsa ba ta ƙone ba. Kuma tana goge wuri tun kafin ya ɓaci.

Sai aka zo kan cuku. Yolanda ta nemi abin gogawa, ta duba ko'ina a kicin, har tsohuwa ta nuna mata gwangwanin da ke rataye a waje. Yolanda ta ɗan tsaya tana kallonsa, shi da tsintsiyar da ke kusa da shi. Ta wanke, ta goga tuli guda, ta cika gurasar masarar da shi ta ninke ta mayar kasko. Abin ya narke ya tsiyayo ta gefe yana tsuwa. Ade Letekidan ta tuna tana da shanya a waje.

Da azahar suka zauna su huɗu. Tsohuwa ta yi addu'a, ta gutsura injera ta miƙa wa kowa. Kiflom ya faɗa wa lazanya kamar wanda aka sako daga kurkuku.

“A hankali, ɗan yaya,” in ji Hagosa. “Ba a ba ku abinci a Amurkar ne, ko tumbin nan na haya ne?”

“Gwaggo, shekara nawa ina mafarkin wannan. Ade, zauna mana. Yau ba tsayuwa.”

Ta zauna. Ta ga Yolanda ta goge yatsu, ta yago gurasar masara, ta zaɓi inda cukun ya fi taruwa. Ta ɗaga, abin ya biyo hannunta yana zare kamar majinar mai mura, ta naɗe zaren da yatsa, ta dunƙule. Ta miƙe tsaye, ta tallafe hannun dama da na hagu yadda aka koya mata, ta matso.

“Ade,” in ji ta. Kalmar ke nan, wato Inna a harshen garin, ba ƙari.

Warin ya riga lomar isowa, warin ƙafar da ta kwana a takalmin roba. Ade Letekidan ta ga tukunyar nan ta ɗakin ajiya, ta ga tafin hannun maigida yana kare burodi. Ta ɗaga ido ta saman kafaɗar surukar, inda hoton yarinya yake jingine ƙarƙashin na Maryama. Ta buɗe baki.

Ɗumi, da santsi, da gishiri. Ya manne a dasashinta, ya naɗe mata harshe, ta tauna ya ƙi mutuwa, sai ƙara tsawo yake. Cikinta ya yunƙuro har maƙogwaro, ta danne shi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ta haɗiye. Ta ji shi yana sauka a hankali kamar mai rai.

“Kin gani?” in ji Kiflom da cikakken baki. “Har hawaye take don daɗi. Ƙara mata, ba a yin kulaso sau ɗaya.”

Hagosa ta ƙura wa silin ido tana motsa leɓe.

Ta biyu ta fi ta farko girma. Tsohuwa ta karɓa, zufa ta keto mata a ƙarƙashin ɗankwali, ta damƙe gefen kujera har farcenta ya shiga katako. Wannan karon Yolanda ba ta koma ta zauna ba. Ta tsaya tana kallon maƙogwaron tsohuwa, irin kallon wadda ta shekara goma sha biyar tana ba tsofaffi abinci a baki, ta san wanda ya haɗiye don yana so da wanda ya haɗiye don a ƙyale shi.

“Cike ta uku,” in ji Kiflom.

Yolanda ta yago wata gurasar, ta kare da bayan hannunta yadda mijin ba zai gani ba. Ade Letekidan ta rufe ido ta buɗe baki, ta riga ta sallama. Sai ta ji wake ne zalla da ɗan yaji, ko ɗigon cuku babu. Ta buɗe ido. Surukar ta riga ta koma mazauninta tana zuba wa Hagosa ruwa.

Tsohuwa ta daure har aka kwashe kwanuka. Sannan ta ce za ta ɗebo garwashin gahawa, ta zaga bayan gida wajen famfo, ta durƙusa. Abin da ya faru a nan ba sai an faɗa ba. Tana cikin kurkure baki ta ga an miƙo mata rabin lemun tsami ta gefen kafaɗa.

“Tun yaushe?” in ji Yolanda.

“Tun kafin a haifi mijinki.”

“Shi bai sani ba?”

“Namiji ne. Farantinsa kawai yake gani.”

“To me ya sa kika buɗe baki?”

Ade Letekidan ta tsotsi lemon, ta tofar.

“Ranar nan a waya,” in ji ta. “Kin daɗe kina magana?”

“Na gama duk gaisuwar da na haddace. Na ɗauka layin ne ba kyau, na sake daga farko.”

“Layin lafiyarsa ƙalau. Ni ce. Ki yafe mini, 'yata.”

Yolanda ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta buɗe famfo ta wanke bakin rariyar da kanta, ba ta ko yamutsa fuska ba. Da ta gama ta ce, “Watan bakwai ake ba su Winta hutu. Ba ta son sauro, kuma sai an bar mata fitila take barci.”

“Nan ba sauro, tudu ne.” Tsohuwa ta goge baki da gefen mayafi. “Ita ma tana cin abin nan?”

“Kamar ɓera. Ɓoye mata nake yi.”

Ade Letekidan ta sake tofar da yawu.

Kiflom har ya koma bai san komai ba, kuma ba wadda ta ga amfanin gaya masa. Ragowar bulon Yolanda ce ta miƙa wa Hagosa ta katanga, ita kuma ta cinye shi da burodi cikin mako biyu tana aiko da godiyar tsokana.

Watan bakwai, ana tsakiyar ruwa, suka dawo su uku. Winta doguwa ce, da goshin Tesfagabir sak. Lahadin farko kakarta ta ɗaure hanci ta goga cuku fiye da yadda ta taɓa gogawa, ta kai gidan burodi fuska a karkace. Yarinyar ta ci yanka uku, ta taso da gudu, leɓe da haɓa duk maiƙo, zare ɗaya yana lilo a gefen bakinta, ta ce za ta sumbaci Kaka irin na mutanen nan, dama, hagu, dama. Ade Letekidan ta riƙe numfashi ta miƙa kumatu. Ta zauna da maiƙon nan yana bushewa a fuskarta, tsigar jikinta na tashi, har sai da yarinyar ta fita wasa gidan Hagosa. Sannan ta tashi ta nemo toka da lemun tsami.